Shekarar da Aka Ɓoye wa Kaka Mutuwar Kande

Kun taso kun ji gwaggonninku suna kirana Radiyo, kuna dariya, ni ma ina taya ku. Babu ɗayanku da ya taɓa zaunar da ni ya tambaye ni inda sunan ya samo asali, amma na san abin da aka gaya muku. Wai uwarku tun tana amarya cikinta ba ya riƙe magana, wai saura ƙiris bakinta ya kashe tsohuwa. Waɗanda suka faɗa muku haka duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ba zan tsaya musu da su ba. Sai dai ni ce nake ƙofar ɗakin nan ranar da abin ya faru, su suna yawon Sallah, don haka ku bar ni in faɗi nawa.

An kawo ni Madarumfa daga Gabi ana gab da shiga babban farin nan da ya cinye shanun mutane. Daminar farko da na yi a gidan, gero bai yi ba, ubanku ya ɗaure 'yan kayansa ya bi samari cin rani Najeriya, ya bar ni a tsakiyar mutanen da ban gama sanin sunayensu ba. Gida ne babba. Akwai Baba, wato kakanku, akwai matarsa Inna, akwai matan yayyen ubanku da ƙannensa mata. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni abinci, in na ce an yi mini haka na yi ƙarya. Kawai dai kowa yana da abokin hirarsa tun kafin in zo. Gaban Baba durƙuso, gaban Inna sunkuyar da kai, sai in wuni ban furta abin da ya wuce "to" ba. Ga ni da saurin kuka a lokacin. Tuwo ya yi gudaji, kuka. Wata ta yi dariya ina wucewa, kuka. Akwai wani lungu bayan rumbu da na mayar wurin zamana, in na share hawaye in fito in ci gaba da daka.

Mutum ɗaya ce a gidan ba na jin nauyinta, ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, gindin bishiyar bedi. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, idonta ya yi hazo, amma hancinta da bakinta ba abin da ya taɓa su. Da yake ni ce sabuwa, ni aka ɗora wa hidimarta, ruwan alwala, shara, shafa mata man kaɗe a gwiwa. Kun san akwai wasa tsakanin kaka da jika, matar jika kuwa gadon wasan take yi. Ina shiga da sallama za ta ajiye mazarin kaɗinta ta fara:

"Ga ɓarauniya nan. Kin ƙwace mani miji, kin kore shi Najeriya, yanzu kuma kin zo ki ga ko na mutu ki gaji tabarmata."

Wata rana ta ji muryata ta shaƙe, ta jawo hannuna ta shafa fuskata ta ji danshi.

"Mi anka yi maki?"

Na ce ba komai, tuwo ne ya ƙi ni.

"Tuwo kike ma kuka? Ni ma da ina kamarki hakanan nike, kaza ta dube ni sai in yi hushi. Bari ki tsuhwa ki gani. Zuciya ita ma gajiya take yi da ɗaukar tarkace."

Ban gane ba a lokacin, na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Abin da na sani shi ne a ɗakin nan kaɗai nake dariya.

Kaka tana da ƙawa, sunanta Kande. Tun suna 'yan mata masu tallar fura suka ƙulla ƙawance, aure ya kai Kande wani ƙauye a hayin tabki, ya bar Kaka a cikin gari. Sun yi wa juna bikin haihuwa da na aure, sun yi wa juna zaman makokin mazaje da na 'ya'ya. Da ƙafa ta ƙi su duka biyun, sai ƙwarya ta koma yi musu zumunci. Duk Juma'a, Mati ɗan Kande, wani masunci da shi kansa ya yi furfura, in an sauko daga masallaci sai ya biyo ta gidanmu da ƙwarya rufe da faifai, a cikinta daddawar kalwa ta hannun uwarsa. Kaka ta juye, ta zuba goro da zaren da ta kaɗa a makon, ya koma da ita. Ƙwaryar nan ba ta taɓa ƙetare tabki wofi ba. Amma ba daddawar Kaka take jira ba, saƙon da ke tafe da ita take jira. Mati zai durƙusa a bakin ƙofa yana danne dariya ya ce:

"Ta ce in gaida gurguwa, in tambaya ko har yanzu tana cinye ma jikoki abinci."

Kaka ta yi ta dariya har tana dukan tabarma.

"Ka ce ma mai wawulo na ji. Ka tambaye ta da wane haƙori take cin goron da nike aika mata."

Duk faɗin Madarumfa babu mai iya zagin Kaka sai Kande. Kowa durƙusa mata yake yi, har limami. Kande kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san ta tana yarinya mai gudu da ƙwaryar fura a ka. Wata Juma'a kafin azumi, Kaka ta buɗe faifai ta shinshina, ta yamutsa fuska da gangan, ta ce wa Mati:

"Ka ce mata hannunta ya mutu. Daddawar wanga mako ko kare ba shi kallonta. In ta gaji ta bari, kar ta kashe mu."

Da dariya ta faɗa, da dariya Mati ya tafi. Kafin wata Juma'ar ta zagayo, Kande ta kwanta ciwon 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

A zaure labarin ya sami Baba. Ya shigo ya tara mu a ƙofar ɗakin Inna, ya yi ƙasa da murya. Shekaru biyu kafin nan autar Kaka ta rasu wurin haihuwa, kuma da aka gaya mata faɗuwa ta yi, ta kwana biyu ba ta magana. Abin bai bar zuciyar Baba ba. Ya ce:

"Kowa ya riƙe bakinai. Tsohuwa ba ta da sauran ƙarhin ɗaukar wanga. Wanda ya hwaɗa mata, in wani abu ya same ta, shi da Allah."

Ina so ku gane ba mugunta ba ce. Baba yana son uwarsa so na gaske, kuma haka ake yi a ko'ina, ana ɓoye wa tsoho mutuwa har sai an ga ya dace. Shi da Inna suka ƙetara suka yi gaisuwa a ɓoye, aka ce wa Kaka sun je duba garka. Juma'ar farko aka ce Mati zazzaɓi yake yi. Ta biyu, Inna ta sayo daddawa a kasuwa ta zuba a wata ƙwarya, ta ce Mati yana sauri, a zaure ya ajiye. Ina zaune Kaka ta ɗaga faifan, ta kai hanci sau ɗaya, ta mayar ta rufe.

"Wagga ba ta Kande ba ce. Ta kasuwa ce."

Ta juya wajen Inna.

"Saƙo hwa?"

Inna ta ce bai bar saƙo ba. Kaka ta lalubo goro da zare ta zuba, ta miƙo. Inna ta miƙa mini, na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Daga nan aka daina wahalar sayen daddawa, aka ce tabki ya janye, Mati ya bi masunta kudu neman kifi. Amma Kaka ba ta daina ƙulla goro duk Juma'a ba, wai ko za a sami mai zuwa hayi, ni kuma ban daina turawa ƙarƙashin gado ba.

Abin da Baba bai hango ba shi ne, magana irin wannan ba ta ɓoyuwa sai an ɓoye mutumin da kansa. Tsofaffin unguwa da ke shigowa hira wurin Kaka, aka fara tare su a tsakar gida ana gargaɗinsu. Wasu suka ji tsoron kada bakinsu ya kuɓuce, suka daina zuwa. Waɗanda suka zo kuma Inna tana tsaye a kansu, daga ina kwana sai sai an jima. Yara aka hana su wasa a gindin bedi. Cikin wata guda ƙuryar gidan nan ta yi tsit, daga ni sai kaji.

Ita kuwa Kaka ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ina shafa mata mai a gwiwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Na ɓata ma Kande rai. Na ce hannunta ya mutu. Shi ya sa ta aiko mani ta kasuwa, don in san ta ji. Shekara da shekaru tana zagina ina zaginta, ashe akwai ranar da zagi ka kamawa."

Na ce Kaka ba haka ba ne. Ta ce to yaya ne? Na ci gaba da shafa mata man.

Daga nan ta ajiye mazari. Ta daina ce mini ɓarauniya. In na kai mata kunu ta kurɓa sau biyu ta ture. Azumi ya zo, an ce ba dole a kanta, amma kusan da ita aka yi shi, don da rana ba ta ci, da magariba ma sai an yi fama. Duk wanda ya leƙo sai ta roƙe shi, in ya ga mai zuwa hayi ya ce wa Kande wasa take yi. Baba ya karɓo rubutu, ya karɓo ƙwayoyi wurin likita, ba abin da ya sake. Inna ta ce tsufa ne. Su kuma matan gida suna cewa, kun gani ko, tun ba ta ji ba ga yadda ta koma, ina ga ta ji? Wato iyakar ramewarta, iyakar ƙara ɗaure bakinsu. Ni da nake kwashe kwanon na san abin da ke cin ta, amma wa zan gaya wa? Amaryar da ba ta ko haihu ba ba ta buɗa baki gaban surukinta. Kaɗaicin da na ji a watan nan ban taɓa jin irinsa ba, domin mutum ɗayan da nake da ita a gidan, ita nake kallo cikin ido kullum ina yi wa ƙarya.

Kaka ta sa ranta a kan Sallah. Ta ce ba Musulmin da ke ƙetare Sallah da fushi, Kande za ta aiko. Ranar Sallah ta sa na ɗaura mata zanenta na saƙi, ta zauna bakin ƙofa tun safe, duk sallamar da ta ji daga zaure sai ta ɗaga kai. Har rana ta faɗi ba ƙwarya. Washegari da hantsi gida ya watse, kowa ya tafi gaishe-gaishe, aka bar ni da tsaron tukunya. Na zagayo da ruwa sai na same ta a waje, ta rarrafo har gindin bedi, ta yafa mayafi, tana jan sandarta a ƙasa.

"Kaka, ina za ki?"

"Hayi. Ki nemo mani jaki. In kin ƙi, da rarrahe zan tahi. Ba ni mutuwa da hushin Kande bisa kaina."

Gwiwoyinta duk sun kwashi ƙasa. Na tuna maganar Baba, shi da Allah. Na ajiye butar, na durƙusa, na kama hannuwanta biyu.

"Kaka, Kande ba ta yi hushi da ke ba. Allah ya yi mata rasuwa tun kahin azumi."

Na riƙe ta gam ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta yi salati, ta maimaita, tana kallon inda ba ta gani. Can ta ce:

"Saƙona na ƙarshe, ya kai mata?"

Wannan na sani, don na ji Inna tana ba matan gida labari bayan sun dawo gaisuwa.

"Ya kai. Mati ya ce dariya ta yi har ta ƙware. Ta ce Juma'a mai zuwa za ki ji amsa."

Sai Kaka ta yi wata irin dariya da kuka a cikinta.

"Ja'ira. Ta tsere ba ta ba ni amsar ba."

Daga nan ta yi kuka sosai, kukan da ya kamata a bar ta ta yi tun watanni biyu da suka wuce, ni ma ina yi. Da ta gaji ta share fuska da bakin mayafi, ta ja numfashi, ta tambaye ni ko akwai sauran tuwon Sallah. Na ɗumama mata, ta cinye tas, ta sha ruwa.

Da Baba ya dawo da la'asar ta sa aka kira shi. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "mai gidan nan" take cewa. Ran nan, gaban kowa, ta kira shi da sunansa na yanka.

"Na binne ubanka. Na binne ƙannenka. Wa ya ce maka mutuwa ce ba ni iya ɗauka? Mutuwa na san ta, mun saba. Abin da kunka ɗora mani shi ne ban taɓa ɗauka ba. Kun bar ni ina zaton mutum guda da ta rage mani ta yar da ni. Gobe ka nemo amalanke, zan tahi in gaida ɗiyan Kande."

Baba bai ɗaga kai ba. Aka nemo amalanken shanu, aka shimfiɗa mata tabarma, muka zagaya ta bakin tabki, inda ruwa ya janye ya bar ƙasa a tsattsage. Ta zauna a ɗakin Kande ta yi addu'a, ta yi wa Mati faɗa, ta ci goro. Amma rana da jijjigar hanya suka kayar da ita, muna dawowa zazzaɓi ya rufe ta, ta yi makonni a kwance. Wannan kwanciyar ce gwaggonninku suke nufi in sun ce saura ƙiris.

Baba bai taɓa ce mini uffan a kan maganar ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Inna ce ta wuce ni ina wanke-wanke ta ce, "Sannu da aiki, Radiyo," sunan ya zauna. Ubanku da ya dawo, tun a zaure aka ba shi labari, maganarsa ta farko gare ni bayan rabuwar watanni ita ce, "Ke ba a ce ki yi shiru ba?" Shi daga baya ya sauko. Matan gida ba su sauko ba. In na shigo suna hira sai a koma zancen tsadar gero. A sa ranar aure a gidan, a bakin rijiya zan ji. Wata ta yi ciki, sai ya fito zan gani. Shekaru na yi a haka, ina cikin gida kamar mai haya, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Kaka kuwa ta tashi. Ta ɗauki mazarinta, tsofaffin unguwa suka dawo hira, ta koma ce mini ɓarauniya. Ba ta sake yin dariyar ranar Juma'a ba, wannan ta tafi da Kande, amma ta ci abinci, ta yi barci, ta rayu har ta ga yayen Hajara, wadda ita ce ta ukunku. Ta kafa mini doka, duk wanda ya rasu a gari in zo in gaya mata. Sai ta yi salati, ta faɗi wani abin kirki da ta sani game da shi, ta yi masa addu'a, ta ci gaba da kaɗi. Na taɓa tambayarta ko abin ba ya yi mata nauyi.

"Nauyi gare ku ne, ku da ke ganin hanya da nisa. Ni rakiya nike yi masu. Muddin ana hwaɗa mani, ina cikin mutane."

Yau na kai shekarunta ko na kusa, kuma na tarar da gaskiyarta. Fushi ba ya kwana a cikina. Abubuwan da suka sa ni kuka a bayan rumbu, ko rabinsu ba na tunawa. Sunan Radiyo ma da ya hana ni barci, yanzu dariya yake ba ni. Tsufa yana cinye gwiwa da ido, amma yana kwantar da zuciya, wannan ku da kuke tsakiyar ƙarfi ba za ku yarda ba sai kun iso. Tsawon rai na Allah ne, ban ce na san sirrinsa ba. Na dai ga tsohuwa tana bin hanyar kabari alhali ana ba ta abinci da magani ana tsaron ta, na kuma ga ta dawo ranar da aka gaya mata labari mafi muni a rayuwarta.

To, ƙanena Sani na Gabi, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda muka sha nono ɗaya, bai kira ni da Sallar nan ba, kuma bai taɓa tsallake Sallah ba. Kun ce rezo ne, wai layin waya ba ya shiga. Salulata da kuka karɓa wai za a gyara, har yau ba ta dawo ba. Hajara ta yi tafiyar kwana biyu ta dawo da jajayen idanu, ta ce ƙura ce. In kuna magana a zaure na tunkaro, sai ku koma zancen tsadar gero. Na san kuna sona, kamar yadda Baba ya so uwarsa. Na wanke mayafina, yana ninke a kan akwati. Ɗayanku ya shigo ya zauna kusa da ni, ya gaya mini wace rana ce, sannan ku nemo motar da za ta kai ni Gabi.